Ɗaki Ɗaya a Titirou

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ga saƙonku, kuran, wato wutar lantarki, aka ɗauke mana kwana biyu. Wanda kuma yau ya fara shigowa, ga inda muke: Adawiyya da mijinta Muntasir za su bar Djougou su koma Parakou da zama, don kawunsa Alhaji Dalhatu ya damƙa masa riƙon mangazarsa, wato shagon ajiyarsa na waken suya. 'Yarsu ɗaya tak, Latifa, shekararta shida, sanƙarau ya tafi da jinta tun tana 'yar shekara biyu. Sun bar ta a hannun Inna, mahaifiyar Muntasir, sun zo neman gidan haya. Yau kwanansu uku.

*

Tun kafin ta sauko daga kan zem, babur ɗin haya, Adawiyya ta san wurin nan bai yi mata ba.

Gidan a bakin gudoro yake, wato babban titin kwalta. In ka fito daga ƙofa ka yi taku biyar, na shida kana ƙarƙashin kamiyo, babbar motar kaya. Tana tsaye tana gyara mayafi wata tirela maƙare da buhuna ta wuce, ƙasa ta girgiza har cikin tafin ƙafarta.

Kabirou demarshe, dillalin gidajen haya, wanda tun ranar Litinin yake zagayawa da su gida-gida, ya kafe babur ɗinsa yana washe baki.

"Wala, Madam! Titirou ke nan. Ruwa akwai, kuran akwai, ga masallaci can, ga mai burodi nan. Ko daga barci mutum ya tashi zai samu zem a ƙofa."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Mijinta ta duba.

"Nan ne?"

"Nan ne."

"Nan ne wurin da ka ce in na gani zan manta da na Albarika?"

"Ki shiga ki gani tukuna mana. Tun daga waje kin fara."



Gidan unguwar Albarika shi ne na farko da suka gani. Ɗaki biyu da falo, katanga ta kewaye shi, a ƙarshen wani lungu da ko babur ba ya ratsawa. Layi biyu ne tsakaninsa da 'yar makarantar kurame ta Madam Bona, inda Adawiyya ta tsaya a bakin taga ta ga yara suna gardama da hannu suna dariya, wata 'yar ƙarama ma tana rubutu a allo. Ranar sai da ta juya baya ta share ido da bakin mayafi. Don makarantar nan ta yarda za ta bar Djougou, ta bar masu kawo mata ɗinki, ta bar garin da aka binne uwarta.

Muntasir ya ce lungun yana cin ruwa da damina.

Suka ga wani a Ganou mai faɗin tsakar gida. Ya ce ya yi wa mangaza nisa.

Suka koma Albarika suka ga na uku. Ya ce ya yi kusa da gidan Kawu, idon dangi zai yi musu yawa.

Yau da safe ya ce ta shirya, Kabirou ya samo wani sabo.

Suka yi sallama suka shiga. Wata dattijuwa tana zaune a tabarma gindin dalbejiya tana yanka kuɓewa. Tana ganin Muntasir ta ajiye wuƙa.

"A'a, ɗana! Yau dai ka cika alkawari ka kawo min ita. Maraba, maraba. 'Yata, matso in gan ki. Ni ce Hajiya Mairo, mai gidan."

Adawiyya ta durƙusa ta gaishe ta, amma kunnenta ya riƙe kalma ɗaya. Alkawari. Gidan da aka ce yau da safe aka samo, yaushe har aka yi alkawari a cikinsa?

Ba ta gama wannan tunanin ba ta ga mijinta ya sa hannu a aljihu. Makulli ya ciro. Daga aljihunsa, ba daga hannun Kabirou ba.

Ya buɗe ƙofa. Ɗan falo, sai ɗaki ɗaya a ciki. An yi sabon fenti shuɗi, irin launin da yake so, ƙamshinsa ma bai gama fita ba.

Ta leƙa, ta fito. Ta zagaya tsakar gidan a hankali. Ƙofar waje ba sakata, iska ma tana iya buɗe ta. A tsakiya ga rijiya, bakinta bai kai gwiwa ba, kuma ba murfi.

"Baban Latifa, ka ga rijiyar nan kuwa? Ga ƙofa ba sakata, ga titi a hanci. Yarinyar da ba ta jin oda, a ina za ta yi wasa a nan?"

Hajiya Mairo ta ɗago kai.

"Wace yarinya?"

Ta juyo wajen Adawiyya.

"Wace ce Latifa, 'yata? Ƙanwarki ce za ki zo da ita?"

"Hajiya, bari dai mu..." in ji Muntasir.

"Ai ɗana ya gaya min komai." Muryar tsohuwar ta yi laushi. "Ranar da ya zo kama ɗakin, watan jiya, na tambaye shi yara nawa ne, don in sa a rufe rijiyar. Ya ce shekararku takwas da aure, Allah bai kawo ba tukuna. Wallahi na tausaya miki. Kada ki sa damuwa a ranki, haihuwa lokaci ce. Ɗakin nan ma mai albarka ne, waɗanda suka tashi da goyon tagwaye suka tashi. Akwai wani sassaƙe da nake ba matan unguwa, in kin tare sai in..."

Adawiyya ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa daga tsakar ka. Kunnuwanta suka ɗau zafi. Ta dubi Muntasir, shi kuma ya sami abin kallo a kan takalminsa.

"Hajiya."

"Na'am, 'yata."

"Ina da 'ya. Ni na haife ta, kwana biyu ina naƙudarta. Sunanta Latifa, shekararta shida. Wannan da yake tsaye shi ne ubanta. Shi ya yi mata huɗuba a kunne."

 Hajiya ta dubi wannan, ta dubi wancan.

Kabirou ya sosa ƙeya.

"Bon... bari in gyara wa babur wuri, rana na dukansa."

Ya fice. Har yau da nake ba ku labari ban ji ya dawo ba.

"Shiga ciki," in ji Muntasir ƙasa-ƙasa. "Kar ki tara min mutane."

"Ai kuwa zan shiga. Ɗakinka ne, har fenti ka yi masa."

Ɗakin ba komai a ciki, don haka kowace kalma sai ta bugi bango ta dawo.

"Watan jiya," in ji ta.

"Adawiyya, ki saurare ni."

"Watan jiya ka kama. Kwana uku kana yawo da ni a kan zem, rana na gasa min ƙeya. Albarika, Ganou, Albarika. Kana ƙwanƙwasa bango, kana ɗaga kai kana duba rufi kamar mai neman gida da gaske. Ashe makulli na aljihunka."

"So na yi ki gani da idonki, ki kwatanta."

"In kwatanta me da me? Wancan na cin ruwa, wancan ya yi nisa, wancan dangi sun yi kusa. Wannan fa, da mota ke shafar ƙofarsa?"

"Na ɗan lokaci ne."

"Ba shi na tambaye ka ba ma. Me ya sa ka ce ba ka da 'ya?"

Ya juya ya fuskanci taga.

"Suɓutar baki ce."

"Suɓutar baki har da ƙirga shekara takwas?"

"Tsohuwa ce mai yawan tambaya. In na ce akwai yarinya za ta ce wane aji take. In ce ba ta lakwal, ba a sa ta makaranta ba, ta ce don me. Sai in fara..."

"Sai ka fara me? Faɗi mana. Kurma ce. Kalma ɗaya ce, ba ta cizo. Ni kullum ina faɗin ta, a kasuwa, a gidan suna, a wajen mai niƙa, harshena bai guntule ba."

"Ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Shekara huɗu ina magana da hannu a gidana, yau bakina zai yi aiki!"

"Ça suffit, Adawiyya!"

"Bai isa ba, Muntasir."

Ya juyo a firgice. Tunda aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kama sunansa ba. Da Malam take ce masa, da ta haihu ya koma Baban Latifa.

"Sunana kika kira?"

"Da me zan kira ka? Kai ka ce ba ka da Latifa."

 Wata kamiyo ta wuce a waje, gilashin taga ya yi ta kakkarwa.

Ta nuna ɗakin da hannu.

"Gado ɗaya ne zai shiga nan. A ina ka shirya za ta kwana?"

Ya goge zufa da hularsa. Ya jingina da bango, sabon fentin ya ɗan manne masa a riga.

"To, tunda kin matsa. Latifa ba za ta zo Parakou ba."

"Maimaita."

"Kin ji ni."

"Na ce ka maimaita."

"Inna ce ta yanke. Ta ce birni ba wurin irin yarinyar nan ba ne, ga motoci ga baƙin ido. Ta ce ke ma ki huta, ki samu natsuwa ko Allah zai kawo wani rabon. Uwata ce, Adawiyya. In ce mata me?"

"Ka ce mata akwai lakwal! Ka ce mata na ga yara irinta suna rubutu da idona!"

"Rubutu zai dawo mata da kunne?"

Ta yi baya kamar ya kai mata mari.

"Shi ya sa ka ƙi Albarika."

Ta matso kusa da shi.

"Ba ruwa ba ne, ba dangi ba ne. Ka san in na zauna ina ganin yaran nan suna wucewa da jaka kullum safiya, ba zan kwana biyu ban je na ɗauko 'yata ba. Shi ne ka nemo min ƙarshen gari, ɗakin da za ka ce ya yi kaɗan, a bari sai an samu babba. Wata ya wuce, shekara ta wuce. Haka ne ko ba haka ba?"

"Ke dai komai sai kin juya shi."

"Inna da ciwon gwiwa, ita za ta iya bin Latifa? Yarinyar da in ta fita ko ka tsage maƙogwaro ba za ta waiwayo ba?"

 

"Ba wajen Inna za ta zauna ba," in ji shi. "Gwaggo Rakiya ce za ta riƙe ta. A Partago."

Gwaggo Rakiya ƙanwar babansa ce, tana zaune a ƙauyen Partago ita kaɗai, ƙarfi ya fara ƙare mata, ta daɗe tana cigiyar yarinyar da za ta riƙa ɗebo mata ruwa. Sau biyu ta taɓa ganin Latifa, kuma duk biyun "bebiyar nan" take ce mata.

Adawiyya ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

"Mai ɗebo ruwa. Jikar fataken goro, da kuke cika baki kakanku ya taka daga nan har Gwanja, ita za a kai ta ɗebo ruwa don ubanta yana jin kunyarta."

"Riƙo ne. Kowa an riƙe shi. Ni ma a hannun Kawu na yi shekara biyar."

"Kai kana da baki! In an dake ka za ka faɗa! Wa ya san yarenta a Partago? In cikinta na ciwo, haka take yi." Ta dunƙule hannu ta danna a cibiya. "In tana jin tsoro, haka." Ta kama kunnenta na hagu ta ja. "Wa zai gane? Kai ma da kake ubanta, nawa ka sani? Nuna min yadda take cewa ruwa."

"Adawiyya..."

"Nuna min."

Hannuwansa suna rataye a gefe, ko motsi ba su yi ba.

"To, bar ruwa. Nuna min yadda take kiran ka."

Ya kau da kai.

"Ba ka sani ba. Bari in nuna maka." Ta shafi haɓarta kamar mai shafa gemu, sannan ta nuna ƙofa. "Ka gani? Gemu, ƙofa. Mai gemun da ke fita. Ba ni na koya mata ba, ita ta raɗa maka. Tana shigowa ɗaki kana miƙewa."

Nan ne muryarsa ta fashe.

"Kina ganin daɗi nake ji? Kullum na dawo gida ta rugo tana wannan kukan nata mai kama da na ɗan akuya, ta riƙe min ƙafa tana kallon bakina. Sai in ji kamar ana yanka ni! Ba na iya cin abinci in tana zaune. Ba na iya barci. Ke ba ki san abin da nake ji ba!"

"Na sani."

"Ba ki sani ba!"

"Na sani, har dalilin na sani."

Ya ɗaga hannu. "Kar ki fara."

"Shekara huɗu na riƙe shi a cikina. Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa 'yan'uwana ba, ko a faɗa ban taɓa goranta maka ba. Yau sai ka ji."

"Na ce kar ki fara!"

"Ranar Laraba jikinta ya yi zafi. Alhamis da safe wuyanta ya sandare. Na riƙe maka riga a bakin ƙofa na ce mu kai ta gidan likita. Ka ce haƙori ne, ka ce ni uwar fari ce, komai sai na ɗaga hankali. Ka ce kar in kuskura in fita da ita sai ka dawo. Ka hau babur ka tafi sayen kaya ƙauye. Sai Asabar ka dawo. Ni kuma wawuya, na zauna ina jiran izini, 'yata na sanƙarewa a cinyata."

Hawaye suna zubo mata, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Kana tsaye likita ya ce da an kawo ta tun shekaranjiya da wataƙila kunnen ya tsira. Na ga fuskarka ranar. Na ce a raina wannan hukuncin ya ishe shi, ba zan ƙara masa ba. Laifin ma na raba shi biyu na ɗauki rabi, don ƙafa gare ni, ba ɗaure ni ka yi ba. Ni nawa rabin na koyi magana da hannu da shi. Kai naka rabin me ka yi da shi? Ka ce a kai ta inda ba za ka gan ta ba."

Muntasir ya sulale ya tsuguna a gindin bango, ya rufe fuska da hula.

"Ba ni na ce ba. Inna ce."

"Yaushe?"

"Me?"

"Yaushe aka shirya kai ta?"

"Ba a sa rana ba. Sai bayan Sallah. Za a zauna da ke a yi magana, ba wanda zai yi komai a bayan idonki."

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka.

Ta so ta share, sai ta ga sunan. Kadidjatou ce, matar wan Muntasir, gida ɗaya suke zaune a Djougou. Kuma kiran bidiyo ne, abin da ba ta saba ba.

Ta ɗaga. Fuskar Kadidjatou ta cika wayar, tana magana a hankali tana waige-waige.

"Maman Latifa, kin san da wannan tafiyar kuwa?"

"Wace tafiya?"

"Gwaggo Rakiya ta zo tun hantsi da mota. Ana ta fitar da kayan Latifa, har katifarta. Na tambaya, Gwaggo ta ce ba ruwana. Na ce ni dai bari in kira ki."

Adawiyya ta dubi mijinta. Ya sauke hular daga fuska, idonsa a waje.

"Bayan Sallah," in ji ta.

"Wallahi ban..."

"Kadi, nuna min ita."

Hoton ya girgiza, ya nuna ƙasa, ya nuna zaure, sannan ga Latifa. An yi mata wanka, an shafa mata hoda har ta yi yawa, an sa mata sabuwar riga. Ta rungume wata leda a ƙirji. A bayanta ga farar mota, an buɗe bayanta, an naɗe 'yar katifa an tura ciki.

Tana ganin uwarta a waya ta daka tsalle. Ta ajiye ledar don hannunta ya samu sarari.

Ta murza hannu biyu kamar mai riƙe da sitiyari. Mota.

Ta taɓa kumatunta, ta nuna wayar. Mama.

Ta haɗa tafukanta ta buɗe su kamar littafi, ta bugi ƙirjinta, tana dariya har giɓinta ya fito.



"Me take cewa?" in ji Muntasir.

"Cewa take za ta shiga mota ta zo wajena, za ta fara lakwal. Abin da aka nuna mata ke nan."

Ta kafa wayar a bakin taga don ta sami hannu biyu. Ta girgiza yatsa da ƙarfi. A'a. Ta yi alamar mota, ta sake girgiza yatsa. Ta nuna ƙasa, zauna, ki jira ni.

Latifa ta karkata kai tana kallo. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, ita ma ta girgiza yatsa, ta ɗauka wasa ne.

"A'a, Latifa! A'a!"

Wani hannu mai awarwaro ya shigo hoton ya kama kafaɗar yarinyar.

"Ke Kadi, wa kike nuna wa bebiyar nan? Ba na ce ba ruwanki ba?"

Wayar ta yi duhu.

Adawiyya ta sake kira. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta kuma kira, a kashe.

Daga Parakou zuwa Djougou, ko yanzu ta sami mota a tasha ta tashi ba jira, sai ta haura awa biyu.

Inuwa ta tare hasken ƙofa. Hajiya Mairo ce tsaye, ba ta ko ɓoye cewa ta ji komai ba. Ta miƙa tafin hannu.

"Ɗana, ba ni makullina."

"Hajiya, maganar gida ce, ki..."

"Na sani. Amma gidan nawa ne. Na binne 'ya'ya uku da hannuna, har gobe in an tambaye ni sai in ce bakwai na haifa, ban taɓa rage ko ɗaya ba. Mai rage rayayye ba zai kwana a ɗakina ba. Ba ni."

Ya ciro makullin ya sa mata a hannu, bai iya haɗa ido da ita ba.

Adawiyya ta tsaya a kansa.

"Tashi ka kira Inna."

"Bari mu je tasha, in mun isa sai..."

"In mun isa tana Partago. Ni Inna ba za ta ji tawa ba, tunda ka ce ita ta yanke. Kai ɗanta ne. Kira ta yanzu, a gabana, ka ce a sauke min katifar 'yata."

"Ba a yi wa uwa irin wannan maganar a waya."

"Amma ana ɗauke 'ya a bayan uwa."

"Ki ba ni minti biyar, in fita waje in lallashe ta ni kaɗai. Kin san halin tsofaffi, in ta ji muryarki..."

Ya miƙe yana laluben aljihun gaba. Kafin ya kai, ta riga shi. Ta fizge wayar, ta ja da baya.

"Ba ni wayata!"

"Taɓa ni ka gani."

Hajiya Mairo ta shigo ta tsaya a tsakaninsu.

Adawiyya ta nemo sunan Inna, ta danna, ta buɗe murya yadda kowa zai ji.  Ƙara ɗaya, ta biyu, aka ɗaga.

"Muntasir? Alhamdulillahi da ka kira." Muryar Inna a gajiye take, ana jin hayaniyar ƙofar gida a bayanta. "Ni fa zuciyata ta ƙi kwanciya da wannan abu. Tun da ka kawo min maganar nan nake ce maka ba a raba irin yarinyar nan da uwarta, ka ƙi ji. Ka je ka haɗa baki da Rakiya, ka aiko mota, ni kuma ka bar ni da kallon idon yarinyar. Ka rantse min Adawiyya ta yarda, wai tafiyar ce ba za ta iya gani ba shi ya sa ta bi ka Parakou. To, ni dai ba ni ita in ji daga bakinta. Ga Rakiya har ta ɗora yarinyar a cinya, direba na ta yi min oda."

Muntasir ya runtse ido.

Adawiyya ta dube shi daga hula har takalmi, kallon da ba ta taɓa yi wa ɗan Adam ba. Sannan ta kai wayar bakinta.

"Inna, ni ce."



"Adawiyya? 'Yar nan, tsakaninki da Allah, kin yarda da tafiyar nan?"

"Yanzu na ji, Inna. Yanzun nan."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Aka ji wani abu ya faɗi, kamar kwano. Aka ji takalmin tsohuwa yana ja da ƙasa, tana haki, tana gudun da gwiwarta ta shekara goma ba ta yi ba.

"Rakiya! Ku tsaya! Kai direba, tsaya!"

Ƙarar inji ta tashi, ta fara nisa.

Inna ba ta fasa gudu ba. Muryarta ta cika ɗakin nan na Titirou da ba komai a cikinsa, tana ƙwala wa yarinyar da ba ta ji kira.

"Latifa! Latifa! Latifa!"